Wuyan Tukunya: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce in yi magana a kan aikina, na ce masa jama'a za su yi gyangyaɗi. Ni ma'aikacin gwamnati ne a sashen duba masana'antu, kuma rabona a ciki shi ne tukwanen tururi da tankunan da ke riƙe iska ko mai a matse. Ya ce in yi dai, ko don malamai su ga inda wahalarsu ta tafi.

To, bari in fara da su. 'Yan ajinmu za su tuna ranar da malamin kimiyya ya kawo ƙwallon ƙarfe da zobe. Ƙwallo ya wuce ta cikin zobe, aka gasa shi a wuta, ya ƙi wucewa. Muka yi dariya, muka rubuta cewa ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, muka ci jarrabawa, muka manta. Malam, yau da wannan ƙwallon nake cin abinci.

Nan kudancin kogin Kaduna gari ne na tururi. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kuma rini da wankin yadi ba sa yiwuwa sai da tururi. A 1980 aka buɗe matatar mai a hanyar Kachiya, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina. KTL ta rufe a 2002, yawancin sauran ma sun bi ta, amma ƙananan masana'antu suna nan, da yawansu da tsofaffin tukwane da aka sayo na hannu.

Tukunyar tururi tana da wuya, wato ɗan guntun bututun da aka yi wa walda a jikinta, inda ake ɗaura dogon bututun da ke kai tururi wurin aiki. Wanda ya ƙera tukunya ya yi lissafin matsin da ke cikinta, ya zaɓi kaurin ƙarfe. Wanda ya ja bututu shi kuma damuwarsa tururi ya isa. Sau da yawa babu wanda ya tambayi abin da bututun yake yi wa wuyan.

Ga lissafin. Ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kowane digiri ɗaya na zafi. Ɗauki bututu mai mita 20, a sanyinsa digiri 30, tururi ya kai shi 180. Ya ƙaru da milimita 36, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Amma in an kafe bakinsa biyu ba shi da wurin miƙewa, bututu mai inci 6 zai iya tunkuɗa da ƙarfin da ya wuce tan 100. Ina wannan ƙarfi zai sauka? A kan wuya, daidai layin walda. Yana turawa, yana lanƙwasawa, yana murɗawa. Da safe a kunna wuta ya tura, da dare a kashe ya ja, har tsaga ta fara kamar silin gashi. Shi ya sa ake yi wa bututu gwiwa ko lanƙwasa a hanya, kamar yadda ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafan tsohon layin dogo.

Ba da ka ake wannan ba. A shekarun 1950 wani farfesa a Amurka mai suna Bijlaard ya fitar da lissafinsa, a 1965 aka tattara shi a takardar da injiniyoyi ke kira WRC 107. Mai bututu ya kawo adadin turawa da murɗawa, mai tukunya ya gwada ya ga ko jikinta zai ɗauka. Yau kwamfuta ke yi cikin minti kaɗan, in an ba ta lambobin gaskiya.

Abin da ke faruwa in an tsallake wannan, Ingila ta gani a 1974, a masana'antar Flixborough. An cire tanki ɗaya da ya tsage, aka haɗa na gabansa da na bayansa da bututun wucin gadi mai inci 20, mai karkace. Da alli aka zana shi a daɓen ma'aikata, ba a yi cikakken lissafi ba. Ranar 1 ga Yuni ya ɓalle, mutum 28 suka mutu.

Ni ma na ga ƙaramin irinsa, a wata masana'anta da ba zan ambata ba. Sun sayo tukunya ta hannu, bakin bututu bai zo daidai da wuya ba, sai suka jawo shi da sarƙa suka ɗaure noti. Na ga sawun sarƙar a jikin fenti. Na ce a huce tukunya a kwance notin. Ana kwance na ƙarshe bututu ya yi tsalle gefe, tazarar ta kai yatsu uku. Wato tun kafin a hura wuta wuyan yana ɗauke da kaya.

Na rubuta a dakatar da aiki. Mai wurin ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara biyu muna aiki ba abin da ya faru." Wannan bai dame ni ba. Wanda ya dame ni wani dattijo ne mai hura tukunyar, sa'an mahaifina, da ya biyo ni bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, mu kullum ake biyanmu. In ka rufe, me za mu kai gida?" Ban sami amsa mai daɗi ba. Na dai nuna masa cewa kujerarsa tana ƙarƙashin wuyan nan ne. Kwana 9 suka yi a rufe, kuma na san kwanakin sun yi wa gidaje da yawa tsawo. Da aka gwada waldar da ruwan jan launi, tsaga ta fito ta ci kusan rabin zagayen wuyan. Aka yanke bututu, aka ƙara masa gwiwa biyu da abin tallafi, aka sake walda.

A cikinmu nan akwai masu gidajen burodi da otal da kamfanin ruwa, akwai masu kula da asibiti. In za a haɗa muku tukunya ko tanki, ku tsaya a wurin kafin a sa noti, ku ga bakin bututu ya zauna a kan wuya da kansa ba tare da an ja shi ba. Sannan ku nemi takardar lissafin nauyin bututu a kan wuya, da sa hannun injiniyan da ya yi ta.

Shugaba, na ga kana duban agogo.