Farauta da Ƙuri'a a Amurka

A yammacin Amurka, mallakar bindiga ba ta isa mutum ya harbi babbar barewar nan da ake kira elk ba. A yankuna da yawa sai ya nemi lasisi, kuma ƙuri'a ke fitar da mai rabo.

Jihar Kolorado kan ba wanda ya faɗi a ƙuri'ar maki ɗaya ya tara, har wani ya shekara 20 yana jiran daji guda. Jihar Niyu Meksiko kuwa ba ruwanta da maki: kashi 84 cikin 100 na lasisin ƙuri'ar na 'yan jiha ne, kuma duk wanda ya samu dole ya kai rahoto, ko ya harbo ko ya dawo hannu rabbana. Wanda ya ƙi, ba shi a ƙuri'ar baɗi.

Wannan tsauri daidai ne, domin da rahoton ake tsara yawan lasisin gaba.