Rainon Yaro Mai Galahanga: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. An saba a irin wannan rana a yi magana a kan gyaran azuzuwa, ko sakamakon jarrabawa, ko asusun ƙungiya. To amma ni an nemi in taɓo wani al'amari da yake cikin gidajenmu, wanda ba a cika fito da shi zaure ba, wato rainon yaro mai lalurar da likitoci suke kira otizim, kafafen watsa labarai na Hausa kuma sukan ce galahanga. Ni ba likita ba ne. Uba ne wanda ya shekara 14 yana rainon irin wannan yaro, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shin mece ce wannan lalura? A taƙaice, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa, kuma yakan bayyana ta fuska biyu. Ta farko ita ce magana da hulɗa da mutane. Za a ga jariri ya shekara ɗaya ana kiran sunansa ba ya waiwayowa alhali yana jin motsin leda daga ɗaki, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa domin uwarsa ta gani, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kuma ya fara magana sannan ta ɗauke. Ta biyu ita ce nacewa a kan abu ɗaya da ƙin canji. Yaro zai wuni yana jera murafun kwalba, ko yana kaɗa hannuwa, ko yana maimaita abin da aka faɗa masa maimakon ya ba da amsa. Ƙarar injin markaɗe ko lasifikar gidan biki tana iya zame masa azaba. Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba: wani har ya girma ba zai yi magana ba, wani kuwa zai gama jami'a ya kama aiki. Kuma kada sunan galahanga ya sa mu ɗauka dolo ake nufi, domin da yawa daga cikinsu suna fahimtar abin da ake faɗa a gabansu sarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin kowane 127 a duniya yana da wannan lalura, kuma an fi gano ta a cikin yara maza. Bisa wannan lissafi, unguwa mai mutum 1,000 ba za ta rasa kamar 8 ba. Ke nan a cikin wannan zaure akwai wanda ya baro irin wannan yaro a gida, ko ɗansa, ko jikansa, ko ɗan ƙanwarsa.

Jama'a, idan abin ya bayyana, tambayar da ake fara yi a gidajenmu ita ce, laifin wa? Kuma kusan kullum a kan uwa ake sauke kayan. A ce ta fita da magariba tana da ciki, ko a ce a danginsu ne, ko a ce ta sangarta shi. Idan an ƙyale uwa sai a koma kan kishiya. Wannan zargi ba mu kaɗai muka yi shi ba. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner shi ne ya bayyana lalurar a 1943, bayan ya yi nazari a kan yara 11. Daga nan masana suka shafe fiye da shekara 20 suna cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne yake jawo ta. Wanda ya tashi haiƙan ya ƙaryata su shi ne Bernard Rimland, masani kuma uban wani yaro mai lalurar, a littafin da ya fitar a 1964. A 1977 aka yi bincike a kan tagwaye a Ingila, wanda ya nuna cewa ƙwayoyin halitta na gado suna da babban tasiri, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da haka. Gado kuwa ta wajen uwa yake zuwa, ta wajen uba ma yake zuwa. Saboda haka duk mai nuna wa matarsa yatsa ya dubi inda sauran yatsun suka nufa.

Haka kuma akwai masu cewa allurar rigakafi ce. Asalin wannan magana wata maƙala ce da wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga a mujallar Lancet a 1998. A 2010 mujallar ta janye maƙalar, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci saboda rashin gaskiya. A 2019 an fitar da sakamakon bin diddigin yara fiye da 650,000 a ƙasar Danmak, ba a kuwa sami wata alaƙa tsakanin rigakafin ƙyanda da otizim ba. Wanda ya hana ɗansa rigakafi bai kare shi daga galahanga ba, ya dai buɗe wa ƙyanda ƙofa.

To ina za a nufa? Mataki na farko shi ne a gwada kunnen yaro, domin kurunta ma tana hana magana. Bayan haka a ga likitan yara, a nemi ya tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara. Akwai manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Kada sunan asibitin ƙwaƙwalwa ya hana mu zuwa. Otizim ba hauka ba ce. Babu gwajin jini ko hoto da yake nuna ta, da tambayar iyaye da lura da yaro ake ganewa. Don haka a tafi da littafin da aka rubuta abin da yaro yake yi da lokacin da ya fara, da ɗan bidiyon da aka ɗauka a waya. Likita minti kaɗan zai gan shi, ku kuwa da shi kuke kwana kuke tashi.

A nan dole in ja kunne. Har yau babu wani magani, na asibiti ko na gargajiya, da yake warkar da otizim. Akwai dai magungunan da likita kan bayar domin abubuwan da sukan zo tare da ita, kamar farfaɗiya, wadda ta fi yawa a cikin waɗannan yara, ko rashin barci, ko tsananin tashin hankali. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi kaza yaro zai yi magana cikin mako biyu, aljihunku yake hange. Addu'a kam babu uban da zai bar ta, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Amma duka, da ɗauri, da turara wa yaro hayaƙi har ya shiƙe, da sunan fitar da iska, wannan zalunci ne a kan wanda ba zai iya kai ƙara ba.

Abin da yake aiki shi ne koyarwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu koyar da magana da sauran ƙwararru sun yi mana ƙaranci ƙwarai, waɗanda ake da su ma suna manyan birane. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani horo na musamman domin iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9, ta kuma sa shi kyauta a intanet a 2022. Tushensa shi ne a mai da wanka, da cin abinci, da wasa su zama aji. A zauna daidai da fuskar yaro, a bi abin da yake so, a yi masa gajeriyar magana, a jira shi ya amsa, a yaba masa nan take. A tsare lokutan abinci da barci, in za a canja wani abu a sanar da shi tun da wuri. Wanda ba ya magana a koya masa nuni ko miƙa hoto. A gidanmu sai da muka yi wata biyar kafin yaronmu ya ɗauko hoton kofi ya miƙa wa mahaifiyarsa. Tun daga lokacin kukan da yake yi na awa guda ya ragu, domin ashe ƙishirwa ce take damunsa ba ya iya faɗa. Galibin abin da muke kira rigima ko rashin tarbiyya magana ce da ta rasa hanyar fita. Har ila yau, da yawa daga cikinsu sukan sulale su fice daga gida, ba su kuwa san haɗari ba. A rufe rijiya, a kula da kududdufi da damina, a kuma sanar da maƙwabta da mai shago da mai shayin bakin layi. Yaron da aka ɓoye, ranar da ya ɓata babu wanda zai gane shi.

'Yan'uwana maza, yanzu da ku nake. Mu mukan fita da safe mu dawo da dare, uwa ce take wuni da yaro. Ita ce ta daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake yi mata, ita ce ba ta barci, wata kuma sakamakonta takardar saki. Ba da kuɗin cefane kaɗai bai isa ba. Ka karɓe ta na awa biyu ta huta, ka je asibiti tare da ita, ka tare mata maganganun danginka. A kuma tuna da sauran yaran gida, musamman 'ya'ya mata, kada a mai da su 'yan raino har karatunsu ya lalace.

Sai batun makaranta. Wata makaranta ta taɓa dawo mana da ɗanmu bayan mako biyu, wai sauran iyaye sun yi ƙorafi. Ya kamata mu sani cewa a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da aiwatar da ita. Doka tana nan a takarda, amma ba ta zuwa aji da ƙafarta, sai an sami masu bin kadinta.

Waɗannan masu bin kadi kuwa, tarihi ya nuna iyaye ne. Babbar ƙungiyar otizim ta Birtaniya wasu iyaye ƙalilan ne suka kafa ta a Landan a 1962, da suka ga makarantu ba sa karɓar 'ya'yansu, a 1965 kuma suka buɗe tasu makarantar. Amfanin dagewa a bayyane yake. Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, ta zama farfesa a fannin kiwon dabbobi a Amurka. A nan gida, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke ya shiga kundin Guinness da zanen da ya fi murabba'in mita 12,000, wanda aka baje a dandalin Eagle Square na Abuja ranar 2 ga Afrilu, 2025, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin wannan lalura tun 2007. Ba kowane yaro ne zai zama haka ba, kuma darajar yaro ba ta rataya a kan baiwa. Wanda ya koyi shiga bayan gida da kansa shi ma ya ci babbar jarrabawa.

Akwai tambayar da take hana kowane ɗayanmu barci: wa zai riƙe shi bayan ba mu? Donald Triplett, yaro na farko a cikin 11 ɗin nan na Kanner, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ya yi karatu, ya tuƙa mota, ya yi aiki a bankin garinsu na shekaru masu yawa, ya ci gaba da zama a gidansu bayan rasuwar iyayensa. Gaskiya ne iyayensa masu hali ne, amma kuɗi ba sa gaishe da mutum a hanya. Mutanen ƙaramin garinsu ne suka san shi, suka karɓe shi a yadda yake, suka tsare masa mutunci. Mu da muke cewa ɗa na kowa ne, ai mu ya kamata a zo a koyi wannan a wurinmu.

Saboda haka, mai girma Shugaba, ina da roƙo guda uku. Na ɗaya, a cikinmu akwai likitoci da malaman jinya da lauyoyi da malaman jami'a, ciki har da waɗanda suka karanta ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ko ta Jos. A tattara sunayen masu niyya a wurin Sakatare, domin ɗan'uwan da ya shiga wannan hali ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Na biyu, masu makarantu da shugabannin makarantu da ke cikinmu su ɗauki alkawarin karɓar ko da yaro ɗaya, ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin horar da malami ɗaya ko biyu. Na uku, a ba iyayen irin waɗannan yara ɗaki ɗaya a wannan makaranta su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, da 'ya'yansu, inda babu mai kallonsu. Abin da wata uwa ta koya cikin shekara biyar, za ta ba 'yar'uwarta shi a zama ɗaya.

Daga ƙarshe, ga wanda yake zaune a nan yana ɗauke da wannan kaya shi kaɗai, ina cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya da su a wannan makaranta ba su ne za ka ji kunyarsu ba. Da an tashi taro ka same ni, ko ka sami Sakatare, mu fara daga yau.

 Allah Ya shirya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.