Yadda Ƙasa Ta Kuɓuce Wa Mutanen Ailan
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai)



A ajin tarihi mun haddace yadda Turawan Ingila suka ci ƙasashe masu nisa. Yau zan ba ku labarin yadda suka yi da maƙwabciyarsu, tsibirin Ailan.

A 1541 Sarki Henry na Takwas ya ɗauki sarautar Ailan. Dabarar da ya bi ita ce kowane basarake ya miƙa masa ƙasarsa, shi kuma ya mayar masa da ita tare da takarda da sarautar Ingila. Conn O'Neill, babban basaraken lardin Ulster, ya karɓi tasa a 1542. A ido babu abin da ya sake. Amma a al'adarsu ƙasa ta dangi ce, ba ta basarake ba. Takardar nan kuwa ta mayar da ita mallakar mutum guda, wanda in ya yi tawaye sai Sarki ya ƙwace.

Haka kuwa aka yi. Jikansa, Hugh O'Neill, ya shekara tara yana yaƙi. An karya lagonsa a Kinsale a 1601, a 1607 ya bar ƙasar, ya mutu a Roma. Daga 1609 aka raba gundumomi shida na Ulster ga baƙi daga Ingila da Sikotland. Cromwell ya zo da yaƙi a 1649, bayansa aka kora masu filaye da yawa zuwa yammacin tsibirin. A 1641 'yan Katolika, waɗanda yawancinsu 'yan ƙasa ne, suna riƙe da kusan kashi 60 cikin ɗari na filayen Ailan. Zuwa 1703 abin ya koma kashi 14. Jikokin baƙin da na 'yan ƙasa su ne suka yi ta rikici a Arewacin Ailan, har rayuka fiye da 3,500 suka salwanta kafin sulhun 1998.

'Yan'uwa, da yawanmu yanzu muna ofisoshi, muna sa hannu a takardun filayen jama'a. Kafin mu ɗora alƙalami, mu tambayi kanmu: ƙasar wa ce, kuma hannun wa za ta faɗa bayan ranmu?