Takari a Idon Mawallafa da Masu Fim

Duk wanda ya zauna a Madina, ko kusa da Harami ko a unguwanni irin su Al-Khalidiyya, ba zai rasa jin sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi ba. Masu waɗannan sunaye jikokin alhazan ƙasar Hausa ne da Borno, waɗanda suka taka da ƙafa ta Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Larabawa na kiransu Takarna, Hausawa kuwa su ce Takari. Daga cikinsu aka sami malamai irin su Shaihu Umar Fallata, wanda ya daɗe yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi kafin rasuwarsa a 1999.

To, amma yaya masu fim suke nuna baƙar fata a ƙasashen Larabawa? A tsofaffin finafinan Masar, galibi ba ya wuce mai gadin ƙofa ko bara, wanda ake sa wa gurɓataccen Larabci don a yi dariya. Wannan ɗabi'a ba ta mutu da wuri ba, gama a watan azumin 2018 ma an yi wani wasan talabijin a Kuwait inda ’yan wasa suka shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon mutanen Sudan, har jama'a suka yi ca a kansu.

Ta fannin waƙa kuwa, sai ga Itab, wadda aka haifa a Riyad a 1947, ta rasu a Alƙahira a 2007. Baƙar mace ce, kuma tana cikin matan Saudiyya na farko da suka yi suna da waƙa. Ita babu wanda ya ara mata murya.

Haka kuma Mahmud Tarawuri, wanda kakanninsa mutanen Afirka ta Yamma ne, ya rubuta littafin Maimuna, ya ci gasar Sharja da shi a 2001. Labarin wata zuriya ce da ta baro gida don sauke farali, da irin wahalar hanya, da bauta, da wulakancin da ta tarar a Hijaz. Ya taɓo abin da mutane suka fi son a yi shiru a kai, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Mai karatun Hausa zai tuna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, aka mai da shi fim a 1976, inda uwa ta faɗa hannun masu cinikin bayi wajen neman ɗanta.

Tun 2018 aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya. Yaron da aka haifa a Madina, mai sunan Hausawi, zai shiga ya zauna ya dubi majigi. Abin da zai gani ya danganta da wanda ya riƙe alƙalami, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.