Mai Kawo Saƙo da Mai Satar Suna



Maganarmu ta yau a kan wata irin sata ce wadda ake yin ta ba tare da an fasa ƙofa ko an haura katanga ba, watau satar sunan mutum da shaidarsa, musamman yadda ake yin ta a bakin ƙofar gida sa'ad da aka kawo ƙunshin kaya. Zan fi ba da misali da Ingila da Amurka, inda sayen kaya ta intanet ya zama ruwan dare, inda kuma Hausawa da dama suke zaune, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa.

A garin da aka haifi mutum, fuskarsa ita ce shaidarsa. Mai unguwa ya san shi, liman ya san ubansa. To, a birni irin Landan banki bai san fuskar kowa ba. Abin da ya sani guda huɗu ne: cikakken suna, da ranar haihuwa, da adireshin gida, da lambar fasfo ko ta lasin tuƙi. Duk wanda ya haɗa waɗannan huɗu a hannunsa yana iya yin sojan gona. Sai ya buɗe asusu da sunan wani, ya ci bashi, ya karɓi wayar salula mai tsada a kan za a riƙa biya wata wata. Shi kuwa mai sunan yana gida bai san wainar da ake toyawa ba, sai ran da wasiƙar masu karɓar bashi ta iso, ko kuwa ya je neman gidan haya aka duba tarihin bashinsa aka ce a'a. Wanke suna bayan haka yakan ci watanni.

Me ya sa bakin ƙofa ya zama wurin da ɓarayi suke so? Dalili shi ne kowane kwali da aka kawo yana ɗauke da biyu daga cikin huɗun nan, suna da adireshi, sau da yawa ma har da lambar waya. Saura biyu. Lasin tuƙi na Ingila kuwa, a fuskarsa ɗaya akwai suna da ranar haihuwa da adireshi da hoto da sa hannu da lamba. Hoto guda na wannan kati ya ishi mazambaci.

Kada a ɗauka cewa duk mai kawo kaya da ya nemi ganin shaida mugu ne. Akasarinsu mutane ne masu neman halalinsu, kuma wani lokaci doka ce ta tilasta musu. A Ingila ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba giya ko wuƙa, kuma wata doka ta 2019 ta ce wuƙar da aka saya daga nesa kada a miƙa ta a gida sai an tabbatar da shekarun mai karɓa. Ko wuƙar girki ce aka saya, za a iya tambayar shaida. Haka kuma in aka zo ba kowa a gida, aka mai da kaya gidan waya, lalle ne mutum ya je da shaidarsa kafin a ba shi.

Saboda haka abin da ya kamata a riƙe shi ne bambanci tsakanin gani da ɗauka. Mai kawo kaya yana da ikon ya duba shaidarka, ya dubi fuskarka, ya ga shekarunka sun kai. Wani kamfani yakan sa shi ya rubuta ranar ko shekarar haihuwa a na'urarsa. Wannan shi ne iyakar abin da aikinsa yake bukata. Katin ya zauna a hannunka, kai ne za ka ɗaga masa ya gani. In ya ce zai ɗauki hotonsa da wayarsa, ko zai tafi da shi mota ya dawo, sai ka ce masa cikin ladabi ba ka yarda ba, ka buga wa kamfanin da ka sayi kayan waya da lambar da take cikin takardar cinikinka. Mutanenmu da yawa kunya takan hana su haka, domin an yi mana tarbiyya kada mu tsai da baƙo a ƙofa muna yi masa tambayoyi. Wani kuma tsoro yake yi kada kayansa su salwanta. To, a Ingila dokar kare masu saye ta 2015 ta ce kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wanda ya wakilta. In an koma da ƙunshi, za a sake kawo shi ko a mai da kuɗi. Hoton fasfo kuwa in ya fita, ya fita ke nan.

Akwai kuma lambar sirri da waɗansu kamfanoni suke aikowa. Amazon, alal misali, yakan aiko lamba mai alƙaluma 6 in kayan masu tsada ne. Wannan lamba ta mai kawo kaya ce kaɗai, ido da ido, ga ƙunshi a gabanka. Wanda ya bugo waya ya ce a karanta masa ita domin yana kan hanya, kada a ba shi.

Yanzu bari mu duba dabaru uku da aka fi sani.

Ta farko takan riga ƙunshin isowa. Bayan annobar korona ta tsare mutane a gida a 2020, sayayya ta koma intanet, sai mazambata suka bi sawu. A 2021 gajerun saƙonni na ƙarya da sunan Royal Mail, watau gidan wayar Ingila, suka cika wayoyin jama'a, suna cewa akwai ƙunshinka amma sai ka biya ɗan kuɗi, kamar fam 2.99. Ƙanƙantar kuɗin ita ce tarkon, gama mutum ba ya dogon tunani a kan abin da bai kai fam uku ba. Da ya shiga shafin da aka nuna masa, sai a nemi sunansa da ranar haihuwarsa da lambar katin bankinsa. Bayan kwana ɗaya ko biyu wani ya bugo, ya ce daga banki yake, an taɓa asusunka, maza ka mai da kuɗinka wani asusu mai tsaro. Banki na gaskiya ba ya faɗin haka. Royal Mail kuma ya saba barin kati mai ruwan toka in akwai kuɗin da za a biya. A Ingila da Amurka duka ana iya tura irin wannan saƙo zuwa lamba 7726 kyauta, domin kamfanonin waya su bi diddiginsa.

Ta biyu ta fi wayo. An riga an saci sunanka, an sayi waya da shi, an kawo ta gidanka domin adireshin ya dace da sunan. Kana cikin mamaki sai ga wani da rigar aiki, ya ce an yi kuskure, ya zo karɓa. Ka ba shi, ya tafi da waya, ya bar ka da bashi. Duk ƙunshin da yake ɗauke da sunanka, kada ka miƙa shi ga wanda ba kai ka kira ba, sai ka yi magana da kamfanin da ya aiko.

Ta uku ita ce kayan da ba wanda ya saya. A damina ta 2020 mutane a ko'ina cikin Amurka, har da Ingila, suka riƙa samun 'yan ƙullin iri na shuka daga ƙasar Sin. Hukumar aikin gona ta Amurka ta fi zaton dabara ce ta masu sayarwa, su aika abu maras daraja domin su rubuta wa kansu yabo da sunan wanda ya karɓa. Kyautar ba ta da amfani, amma tana ɗauke da labari: sunanka da adireshinka suna hannun wanda ba ka sani ba. A 2025 hukumomin Amurka sun ƙara gargaɗi a kan irin wannan ƙunshi da yake zuwa da tambari mai murabba'i wanda ake haskawa da waya. Kada a haska shi.

Bayan an buɗe kaya ma akwai sauran aiki. A ɓare takardar da take manne a jikin kwali, a yayyaga ta tare da rasiɗin da yake ciki, kana a fitar da kwalin. Masu zama a gidajen bene inda ake zube wasiƙun kowa a zaure ɗaya, su riƙa kwashe nasu da wuri, ko su sa a kai musu kaya shagon da ake karɓa ko akwatin kulle. Wanda ya tashi daga gida ya nemi gidan waya ya riƙa juya masa wasiƙunsa zuwa sabon wuri, domin katin banki da ya faɗa tsohon adireshi ganima ce.

In kuwa mai aukuwa ta auku, gaggawa ita ce magani. A sanar da banki nan take, a kai rahoto ga 'yan sanda, a gaya wa hukumar da ta ba da fasfo ko lasin. A Ingila akwai ƙungiyar Cifas, wadda take sa alama a kan sunan mutum har shekara biyu in ya biya ɗan kuɗi, domin duk mai ba da bashi ya ƙara bincike. A Amurka, tun watan Satumba na 2018 kowa yana iya rufe tarihin bashinsa kyauta a kamfanonin Equifax da Experian da TransUnion, yadda ba za a buɗe sabon bashi da sunansa cikin sauƙi ba.

Masu sauraronmu na Accra da Kano da Jidda, inda 'yan babur suke kai kaya gida gida, wannan magana ta shafe ku. Katin ɗan ƙasa na Gana, da lambar shaida ta Nijeriya mai alƙaluma 11, su ne mabuɗin layin waya da asusun banki. A nuna su in akwai dalili, a mai da su aljihu, a kuma koya wa yara da sauran mutanen gida haka, gama sau da yawa su ne suke buɗe ƙofa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.