Jawabin Taron Ƙungiya Kan Zaɓen Fid Da Gwani

Sarkin Hausawa, malamanmu, 'yan'uwa 'yan kasuwa.

Duk sanda jam'iyya za ta tsai da ɗan takarar shugaban ƙasa, sai a ce mana, "Ku bi ɗan gida." To, mu tuna taron SDP na Jos a 1993, inda Abiola ya kada Kingibe da Atiku. Ran 12 ga Yuni kuwa, Kanawa suka fifita shi a kan ɗansu, Bashir Tofa. Da aka soke zaɓen, mu mazauna Kudu muka kwana da fargaba, rumfunanmu a rufe.

Saboda haka mu gaya wa wakilanmu, su duba amanar mutum da iya riƙon jama'arsa, ba garinsu ba. In ƙasa ta rikice, baƙo ake fara taɓawa.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, amin.