Maleji Ba Ya Ganin Hanya



Da yawanmu, da zarar aiki ya zauna, abin da muke fara sa wa rai shi ne mota. In ta samu kuwa, sai mu ga tayoyinta sun yi mana ƙanana, ko kuma akwatin giya ya lalace bakanike ya nemo mana na wata motar ya ɗaura. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, daga ran nan maleji ya daina faɗa mana gaskiya.

Dalili kuwa, maleji ba ya ganin hanya, juyi kaɗai yake ƙirgawa. A tsofaffin motoci, wata 'yar giya ce ta roba a gindin akwatin giya take juya kebur, kebur ɗin ya juya maganaɗisu a bayan agogon, maganaɗisun ya ja wani ɗan faifai na alminiyam wanda allurar take manne da shi. Wannan dabara wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi rajistarta a Jamus tun 1902. Masu ƙera mota sukan zaɓi yawan haƙoran 'yar giyar nan ne bisa ga girman tayar da suka sa da kuma aksul ɗin motar. In aka sāke ɗaya daga cikinsu, lissafin ya rushe.

Mu ɗauki misali da Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Taya mai lamba 175/80 R14, irin wadda aka saba gani a ƙarƙashinta, tsayinta milimita 636 ne, watau kowane juyi ɗaya tana cin kusan mita 2, juyi 500 ke nan a kilomita. To, a ce mun cire ta mun sa 195/80 R14. Tsayin wannan milimita 668 ne, juyi 477 sun ishe ta kilomita. Bambancin kashi 5 ne cikin 100. Saboda haka allura tana kan 100, alhali kuwa motar tana gudun 105.

Kada mu raina kashi biyar ɗin nan. Tazarar da birki yake bukata kafin ya tsai da mota tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, don haka ƙarin kashi 5 a gudu ya zama ƙarin kashi 10 a tazarar birki. Wannan ɗan ƙarin shi ne tsakanin tsayawa gaban yaron da ya gifta da banke shi. Shi ya sa ƙa'idar ƙera motoci ta Turai ta yarda maleji ya nuna fiye da gudun gaskiya da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4, amma ta hana ya nuna ƙasa da shi ko kaɗan. Babbar taya kuwa ɓangaren da aka hana take tura shi. Sa'an nan ga aljihu: ma'aikacin da ake biyansa kuɗin tafiya bisa ga lambar maleji, in ya yi kilomita 1,000 sai ta rubuta masa 952, sauran 48 sun tafi a banza. Haka kuma lokacin juyen mai zai wuce bai sani ba.

Gwajin ba shi da wuya. Mu sami miƙaƙƙiyar hanya mai alamun kilomita, direba ya tsai da allura kan 60, na gefensa ya riƙe agogo. Kilomita ɗaya ya kamata ta ci daƙiƙa 60 cif. In ta ci 57, sai mu raba 3,600 da 57, amsar 63 ce, ita ce gudunmu na gaskiya. Mai wayar hannu kuma yana iya gwada allurar da gudun da GPS yake nunawa.

Gyaran ma haka yake. A tsohuwar mota 'yar giyar robar ake sākewa: in taya ta ƙara girma sai a rage haƙora, misali daga 20 zuwa 19, don kebur ya ƙara saurin juyi. In akwatin giya aka canja, lalle mu sa bakanike ya ƙirga haƙoran tsohuwar da na sabuwar kafin ya ɗaura, gama wanda aka ciro daga wata mota an daidaita shi ne da aksul da tayar waccan. A sababbin motoci babu kebur, na'ura ce take aika wa kwamfutar mota ƙirgen juyin, sai a gyara lissafin a cikin kwamfutar inda ta ba da damar haka. Inda duk gyara ya faskara, mu rubuta gudun gaskiya na 50 da 80 da 100 a 'yar takarda mu liƙa kusa da agogon.

Mu da ake koya wa awo a ɗakin gwaji, kuma gobe za a danƙa mana motocin gwamnati da rayukan da ke cikinsu, bai kamata mu amince da ma'aunin da ba mu gwada ba. Duk wanda ya sāke taya ko giya, ya ba motarsa kilomita ɗaya da agogo kafin ya ɗauki iyalinsa.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.